Me ya sa ba ma goge tsohon fenti a bushe

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da na karɓe sanfefa daga hannunka a ajin nan na firamare, na ce sai an jiƙa tagar tukuna, alhali a bushe aikin ya fi sauri. Gaskiyarka, ya fi sauri. Amma tsohon fentin mai ne a jikinta, rawaya. Irinsa da ja da ruwan lemo su aka fi zuba wa dalma, don launi ya fito ya kuma bushe da wuri. Haka wani jan fentin da ake fara shafa wa ƙarfe saboda tsatsa.

Ɗan Zamfara ba a yi masa dogon bayani a kan dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Allah ya jiƙan su. Dutsen zinariya ake niƙawa a tsakar gida, ƙura ta kwanta a ƙasa, mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da Bagega aka zuba sabuwa. Garin da ke zubowa daga sanfefarka bai kai wancan ƙarfi ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali, ba zazzaɓi ba ciwon kai, sai dai a ce ba ya gane karatu.

Duniya ta daɗe da sani. Tun 1921 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta yi yarjejeniyar hana shafa farar dalma a cikin ɗakuna. Amurka ta haramta fentin gida mai dalma a 1978. Yanzu hukumar lafiya ta duniya da ta muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna matsa wa kowace ƙasa ta kafa dokar kada dalmar da ke cikin fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Na yaba, sai dai masana'anta da mai shigo da kaya dokar ke kamawa. Tagar da aka shafa tun ba a haife ka ba, babu jami'in da zai zo daga Janiba, hedkwatar hukumar lafiyar, ya kankare ta. Mu ne.

Gobe ka shimfiɗa leda, ka yayyafa ruwa, ka kankare da wuƙar fenti, takunkumi a hanci. Kada ka ƙona da wuta, kada ka yi shara da tsintsiya, tsumma mai danshi za ka sa. Ka wanke hannu kafin ka taɓa goro. Rigar aikin kuma a shago za ta kwana, na san ƙannenka da maƙale maka in ka shiga gida.