Me zan gyara a Chrome don shafuka su riƙa buɗewa da sauri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata mai RAM 4GB ce, kuma Chrome nake amfani da shi. Kwanan nan shafi sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe, alhali a wayata, a kan Wi-Fi ɗaya, nan take yake fitowa. Kullum ina goge tarihi da cache kamar yadda aka ba ni shawara, amma shiru. Akwai saitin da zan taɓa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tunda waya tana gudu a kan layin, to layin lafiyarsa lau, nauyin yana cikin kwamfutar ne. Babu saitin da zai ƙara wa intanet ɗinka ƙarfi. Abin da burauza za ta iya shi ne ta rage kayan da take ɗauka da aikin da take yi a ɓoye.

Da farko ka daina goge cache kullum. Wannan ma'ajiya ce ta wucin gadi inda burauza ke adana hotuna, tambari, salon rubutu da fayilolin shafin da ka taɓa ziyarta, don gobe idan ka dawo ta ɗauko su daga cikin kwamfuta maimakon ta sake sauko da su. Duk ranar da ka goge, ka mayar da ita baƙuwa a kowane shafi. Gogewar tana da amfani ne idan shafi ya rikice ko yana nuna tsohon abu, kuma ko a nan ɗin ma Ctrl+Shift+R ya isa, domin shafin da kake kai kaɗai zai sabunta.

Wanda aka fi kamawa da laifi a irin wannan matsala shi ne ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, wato extensions. Gwajin minti ɗaya ne: danna Ctrl+Shift+N ka buɗe tagar sirri, inda Chrome ke kashe su sai wanda ka ba izini da kanka. Buɗe shafin nan mai ba ka wahala. In ya fito da sauri, ka kama ɓarawon. Rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, ka kashe su duka, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka gane wanda ke jan ƙafa. Yawanci masu neman rangwamen sayayya ne, da VPN na kyauta (manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata kwamfuta a wani wuri don ɓoye inda kake), da waɗanda suka shigo tare da wata manhaja ba ka sani ba. VPN ɗin ma nasa ya fi muni, don sai ya zagaya da kai ta wata ƙasa kafin ka isa shafin. Wanda ba ka amfani da shi, cire shi gaba ɗaya.

Sai batun RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a yanzu. 4GB ba ta da yawa, Windows kanta ta riga ta cinye kaso mai tsoka. Idan ta cika, kwamfuta tana komawa ajiya a kan faifai, shi kuwa ya fi RAM nawa nesa ba kusa ba, musamman idan tsohon faifai ne mai juyawa. Danna Shift+Esc a cikin Chrome, jeri zai fito yana nuna abin da kowane shafi ke ci. Sau da yawa za ka tarar shafin bidiyo ɗaya da aka manta a buɗe ya fi sauran goma haɗe. Daga nan shiga Settings, sashen Performance, ka kunna Memory Saver. Yana kwantar da shafukan da ka jima ba ka leƙa ba, sai ka koma kansu su sake lodi. Shafin da ba ka so ya yi barci, kamar na imel ko fom ɗin da kake cikewa, saka shi a jerin waɗanda za a bari a farke.

A wannan sashe akwai Preload pages, mai hasashen inda za ka danna ya fara ɗauko shi tun kafin ka taɓa. Zaɓi Standard. Extended ya fi zalama, yana cin data a kan shafukan da watakila ba za ka buɗe ba.

A sashen System ka tabbata Use graphics acceleration a kunne yake, don katin hoto ya karɓi aikin zana shafi. In ka ga allo yana ƙyafta ko bidiyo ya yi baƙi, mai yiwuwa direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya tsufa: sabunta shi, in ya ƙi sai ka kashe saitin ka sake buɗe burauzar.

Tallace-tallace da masu bibiyar abin da kake yi a intanet su ma kaya ne, shafin labarai ɗaya kan kira sabobi (kwamfutocin da ke aiko da kayan shafi) da dama kafin ya kammala. Mai toshe talla guda ɗaya, irin uBlock Origin Lite, ya wadatar. Biyu ko uku tare sai su zama wani nauyin. Canza DNS, wato tsarin da ke nemo adireshin shafi daga sunansa, zuwa 1.1.1.1 na Cloudflare ko 8.8.8.8 na Google, ta Privacy and security, sai Security, sai Use secure DNS, yana rage ɗan jinkirin farko ne kawai, ba ya ƙara saurin saukar fayil.

Tsofaffin dabarun da ke yawo kuwa, bar su. Lite mode, saitin rage cin data, an cire shi tun Chrome 100 a 2022, shi kuma chrome://flags ɗakin gwaji ne da kan jawo rufewar burauza ba gaira ba dalili. Idan ka yi duk wannan bai sauya ba, je Reset settings ka mayar da Chrome yadda ya zo. Alamomin shafukanka da kalmomin sirri ba za su ɓata ba. In har yanzu yana ja, ƙara RAM zuwa 8GB ko ka sa SSD, wato faifai marar juyawa da ya fi tsohon sauri.