Amsa kan Microsoft da kayan gina manhajojin intanet

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ƙaninmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ya yi tambaya jiya da dare cewa me ya sa kamfanin Microsoft ya duƙufa haka a kan firemwok, wato shiryayyun kayan aiki na gina manhajojin intanet, kuma ko ya dace shi ma ya kama nasu ya koya. To, ƙanina, ga abin da nake gani.

Microsoft ba baƙo ba ne a wannan fage, domin tun 2002 yake da firemwok ɗinsa mai suna ASP.NET, sai dai a wancan lokaci an ɗaure shi ne da Windows. Sauyin ya fito fili bayan Satya Nadella ya karɓi shugabancin kamfanin a 2014. A 2016 suka fitar da ASP.NET Core kyauta, kowa yana iya duba yadda aka rubuta shi, kuma yana aiki har a kan Linux, kishiyar Windows. Harshen TypeScript da suka fitar a 2012 ya samu karɓuwar da har Google, abokin hamayyarsu, ya sake rubuta firemwok ɗinsa na Angular da shi. Daga nan suka sayi GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, a 2018 a kan dala biliyan 7.5, sannan npm, rumbun da masu JavaScript ke ɗibar kayan aiki daga cikinsa, ya shigo hannunsu a 2020.

Wannan duk ba sadaka ba ce. Kuɗin yana cikin Azure, wato manyan kwamfutocinsu da ake haya a ɗora manhaja a kai. Kamar mutum ne ya ba ka bulo da siminti kyauta, yana sa ran za ka yi ginin a filinsa ka riƙa biyan haya duk wata. Ban ga laifi a wannan ciniki ba, tun da babu wanda ya hana ka ɗora aikinka a wani wuri, amma ya kamata ka shiga da idonka a buɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne babban kamfani yana iya juya wa kayansa baya. Silverlight kayan gina manhajojin intanet ne na Microsoft, an daina kula da shi a 2021, haka kuma Google ya yi watsi da tsohon AngularJS, waɗanda suka gina ayyukansu a kai suka koma sake rubutu.

Sannan ka duba wanda za ka yi wa aiki. Idan mai shagon kaya a Sabon Gari ya ce ka gina masa shafin karɓar oda, kwastomominsa da ƙananan wayoyin Android za su buɗe shi, suna lissafin data. Blazor, wani firemwok na Microsoft, idan ka zaɓi nau'in da ke gudana a cikin burauza, sai ya sauke kaya masu nauyi kafin shafin farko ya buɗe, kuma kafin nan mai saye ya gaji ya fita.

Saboda haka, ƙanina, ka fara ƙwarewa a HTML da CSS da JavaScript, sannan ka ɗora TypeScript a kai, domin da shi za ka iya shiga Angular ko React da Facebook ya ƙirƙiro ba tare da wahala ba. Idan kuma harshen C# na Microsoft ya kwanta maka a rai, ASP.NET Core abin koyo ne sosai a ɓangaren saba, wato kwamfutar da ake ɗora manhaja a kai. Wajen rubuta manhaja kuma, ka sauke VS Code maimakon cikakken Visual Studio, wanda zai yi wa laftof mai ƙaramin ƙarfi nauyi. Wassalamu alaikum.