Amsa: Ƙofar mota na ja na idan zan sauka

Malam, wannan jan da kake ji ba daga batir yake ba, kada ka wahalar da kanka wajen mai gyaran wutar mota. Gogayyar kayan jikinka da kujera ce ke tara caji, musamman da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar Kaduna ta bushe ƙarau. Yadin roba ya fi na auduga tara shi.

Kafin ka ɗaga daga kujera, kama ƙarfen ƙofar, kada ka saki sai ƙafarka ta taka ƙasa. Hannun roba ko gilashi ba za su yi ba. In ka manta, fara taɓa ƙarfen da bakin makulli, tartsatsin ya tashi a can. A gidan mai kuwa, taɓa jikin motar kafin ka matsa kusa da bakin tanki.