Amsa ga mai neman littafin gane furannin tsaunuka

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce an tura ki Gembu bautar ƙasa, kina son ƙaramin littafi mai hotuna da zai riƙa gaya miki sunayen furannin da za ki gani a Mambila, har kin ga wani na furannin tsaunukan Turai a kanti kina shawarar saye.

Wannan dai ki bar musu abinsu. Tsirran da ke fitowa bayan narkewar ƙanƙara a tsaunukan Alps ba ruwansu da namu, za ki yi ta buɗe shafi kina tilasta wa fure sunan da ba nasa ba.

Ni aikin gandun daji ya zaunar da ni a Jos da Mambila shekaru da dama, kuma littafi ɗaya tilo da zai shiga aljihu ya wadatar ban taɓa riƙe shi ba. Haɗe-haɗe muke yi. Uban tafiyar shi ne Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel, wanda aka sabunta tsakanin 1954 da 1972. Ya ƙunshi tsirran tsaunukanmu, amma ba na yawo ba ne: mujalladi uku ne, zane ne a ciki ba hoto mai launi ba, Turancinsa kuma na masana ne. A ɗaki ake buɗe shi da daddare. Shi Dalziel ɗin likita ne da ya yi aiki a Arewa, a 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma har yau yana amfani. In dattijo ya ba ki suna, daga nan za ki kama bakin zaren. Sai dai ki kula, sunan albasar kwaɗi kaɗai ya rufe tsirrai iri-iri.

Manhajojin waya irin su PlantNet suna taimakawa, amma inda hotunan yankinmu suka yi ƙaranci sai su jefo miki sunan wani ɗan'uwan tsiron na wata nahiya, babu ko kunya. Na fi son iNaturalist, don can mutane ne ke dubawa su gyara. Sabis ma ba ko'ina yake ba a kan dutse, ki ɗauka ki ajiye sai kin sauko gari.

Abin da ya fi littafin muhimmanci shi ne yadda kike kallo. Yawancin masu turo hoto suna neman suna furen kawai suke ɗauka, alhali sau da yawa amsar tana ganye. Ɗauki furen ta gaba da ta gefe, ganye ciki da baya, sannan tsiron gaba ɗaya da biro a gefensa don a san girmansa. Rubuta watan, da inda ya tsiro: kan fa ne, ko fadama, ko bakin kurmi? An ƙone wurin? Ga misali da tsiron rawaya. Iri ɗaya takan fito da furenta dab da ƙasa da rani bayan wuta ta ci ciyawa, babu ganye ko ɗaya. 'Yar'uwarta kuwa da damina take fure a kan reshe mai ganye. Furen kusan ɗaya ne, lokaci da tsayuwa ne suka raba su.

Kada ki jira tsakiyar damina, lokacin ciyawa ta rufe komai. Makonnin bayan ƙuna da ruwan farko su ne kakar masu albasa a ƙasa. A Jos lokacin ne ake ganin takalmin zomo, ganye huɗu shimfiɗe a ƙasa da fure ruwan ɗorawa a tsakiya, wanda shi ne furen da ke jikin tambarin Nijeriya.

In kin samu hali ki je kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, akwai tashar bincike a can, kuma mataimakan da ke aiki a wurin 'yan yankin ne, sun san tsirran ciki da waje. Kada ki tono komai, kada kuma ki ɗanɗana. Baurere mai fure ja da ruwan ɗorawa, duk kyansa, saiwarsa dafi ce mai kisa.