Sabi'u, ga amsarka kan suwimin ful ɗin gidan Alhaji

Wa alaikumus salam Sabi'u, ya aiki ya jama'ar gida. Na saurari saƙonka. Ka ce Alhajin nan da kuka yi wa katanga ya kira ka yana so ka gina wa yaransa ɗan ƙaramin suwimin ful a tsakar gida, mita 3 tsawo, 2 faɗi, zurfi santimita 60, amma da ka shiga awo Hajiya ta fito ranta a ɓace ta ce ita ba da yawunta ba, wai bara ma ya sayo na roba wanda ake hurawa, kwana kaɗan ruwan ya koma kore yana wari ita ta yi ta kwasa da bokiti, shi yana kasuwa. Kuma kana tambaya ka karɓi aikin ko ka bari tunda shi ne mai biya.

Toh ni dai abin da zan gaya maka, Hajiya tana da gaskiya, kuma ba don mace ce ta yi fushi ba, lissafin aikin ne ya ba ta gaskiya. Ɗauko biro ka buga da kanka. 3 sau 2 sau 0.6 ya ba ka kubik mita 3.6, kowane kubik lita 1,000 ne, kenan lita 3,600. Jarka mai lita 25 guda 144, in kurar mai ruwa na ɗaukar jarka 12 kura 12 kenan cif a cika shi sau ɗaya kacal. Ka ce min tankin da ke saman gidan mai lita 2,000 ne, kaga ko an juye shi duka kaɗan ya wuce rabi, sannan ranar ba ruwan girki ba na wanki ba na banɗaki sai an sake tada sumo, wato famfon da ke jawo ruwa daga ƙasa ya kai tanki, kuma sumo sai da wuta ko a zuba wa janareta mai. Ka tambayi nawa kura take a unguwarsu yau ka ninka sau 12, wannan lambar ita ce ya kamata Alhaji ya fara gani kafin kuɗin bulo.

Gini ai shi ne ɗan ƙaramin ɓangaren. Mu muna yin namu sati biyu ko uku mu karɓi kuɗinmu mu tafi, ruwan kuma yana nan kullum yana neman mai kula da shi. Ruwan da yake tsaye a rana irin ta Kano, watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, in ba magani ba filta, kwana biyu zuwa uku za ka ji ƙasan ya fara santsi, daga nan gansakuka, shi ne koren da Hajiya ta gani. Sauro kuma daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi sati ɗaya zuwa kwana goma ba a yanayin zafi, kenan an kawo masa gida ƙofar ɗakin yara. Ga shi yara ne za su shiga, da ƙurar ƙafa da man shafawa da fitsari, wani ma da kunzugu, su haɗiyi ruwan, gobe a ce zawo ko ciwon ido ko ƙaiƙayi. Fulin otal da Alhaji ya gani yana shuɗi garau akwai famfo da filtar yashi da ke juya ruwan awanni da yawa kowace rana, akwai kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa, da ake aunawa, akwai ma'aikaci da aikinsa kenan tun safe. Kilorin ɗin ma rana na cinye shi cikin awanni, sai an riƙa gwadawa ana ƙarawa, ya yi kaɗan bai yi aiki ba, ya yi yawa ya ƙona idon yara. A gidan Alhaji wa zai yi wannan? Wanda ke wuni a gida ne, ita ce, shi ya sa ta tare ka.

Sannan wata nawa za a more shi ma a shekara, Maris, Afrilu, Mayu, sai ɗan zafin nan na bayan damina. Da damina ruwan sama ya kwaso masa taɓo da ganye, kwaɗi su tare a ciki. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu, ba uwar da za ta bar ɗanta ya shiga ruwan sanyi, ƙura kuma kullum sai ta rufe ful ɗin. Sauran watannin rami ne kawai a tsakiyar gida, a inda take shanya, inda take ajiye murhu ran biki ko suna, inda yaran ke guje-gujensu.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan magana ɗaya, ka ce min akwai ɗan autansu da bai kai shekara biyu ba. Sabi'u wallahi wannan kaɗai ya isa ka tsaya. Yaro ƙarami ko a baho ko a bokiti yana iya nutsewa, ruwan da bai kai tafin hannu zurfi ba ya ishe shi in ya kifa da fuska, kuma ba ihu ba kuka, minti kaɗan ne, uwar tana kicin tana juya tuwo. Santimita 60 ya kai wa irinsa ƙirji ko ya fi. Ni ban yarda wani yarona ya gina abin tara ruwa a buɗe a gidan da ke da mai rarrafe ko mai koyon tafiya ba, sai da shingen ƙarfe zagaye, tsayin aƙalla mita 1.2, sandunan a matse yadda kan yaro ba zai shiga ba, ƙofar da sakata a sama inda hannunsa bai kaiwa. In Alhaji ya ce shinge zai ɓata kyan abin, ka tattara kayan aikinka ka yi masa sallama cikin mutunci, ni zan nemo maka wani aikin.

Yanzu ta ɓangarenmu na magina, don na san abin da ke ranka, ka jera bulo mai inci 9 ka yi filasta ka manna tayil shikenan. Ba haka ba ne. Lita 3,600 nauyin tan 3.6 ne, kuma ruwa yana tura bango ta gefe, yana neman ko tsagar gashi ya bi. Sai ka daddaɓe ƙasa sosai, ka zuba kankare inci 6 da rodi a saƙe, rodin ƙasa ya lanƙwaso ya shiga bango, bulon kuma a cika raminsa da kankare in ba za a yi kastin, wato zuba bangon da kankare, duka ba. Inda ƙasa da bango suka haɗu nan ne yawancin yoyo ke fitowa, wurin za ka fi ba hankali, ka zagaye kusurwar da siminti kada ka bar ta a tsaye. Filasta da hodar hana yoyo, ban ruwa aƙalla sati ɗaya, kafin tayil ka cika shi ka yi alama, ka ajiye bokiti da ruwa a gefe shi ma da alama, in na ful ya fi na bokiti sauka bayan kwana biyu to yoyo yake, ba rana ce ta sha ba. Mutane na ɗauka tayil ke riƙe ruwa, a'a, tayil ado ne da sauƙin wankewa kawai.

Kuma a gidan nan ka ce tsakanin inda za a tona ramin da bangon ɗakin Hajiya bai fi taku biyu ba, sokawe kuma na can kusa. Ranar da ya fara yoyo ba wanda zai sani sai bangon ɗaki ya jiƙe fenti ya fara ɓarewa, in aka yi rashin sa'a fandisho ya zauna bango ya tsage, kuma sunanka za a kira, ba na Alhaji ba. Sai maganar fitar da ruwan, lita 3,600 ina za shi? Ka sake shi sokawe ya cika shi nan take, ka sake shi kwata ya malale layi maƙwabta su zo ƙofar gida. In kuma za a sa famfo dole mai wayarin na gaske ya yi shi da atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa in ta zubo, da birekar da ke yanke wuta da kanta, ruwa da wuta da yara ba takalmi, kada ka kuskura ka ja waya da kanka.

Shi kuma Alhaji kada ka ɗauke shi mara tunani, mutum ne da ya ga yaransa na fama da zafi yana so ya faranta musu, niyyarsa mai kyau ce, kawai bai taɓa kwasar ruwan ba ne. Saboda haka kada ka je masa da “a'a” zalla, ka je da abin da zai yiwu. Ni da zan yi, dandamali zan zuba a kusurwa, mita 2 da 2, da ɗan gangare, tayil mai kaushi wanda ba ya santsi, a ja fayif daga tanki a sa kan shawa biyu ko uku a sama da makunni ɗaya inda babba kaɗai ke kaiwa, ruwan ya gangara gindin bishiya ko ɗan lambun Hajiya in tana da shi. Yara su yi ta tsalle a ƙarƙashi rabin awa, a kashe, rana ta busar, ba ruwan da ya kwana. In lallai sai sun zauna cikin ruwa, ƙaramin na roba mai faɗin mita ɗaya da rabi, a zuba santimita 15, bai kai lita 300 ba, jarka 10 ko 11, a ɗora shi kan dandamalin, babba na zaune a wurin har su gama, a juye a ranar a kife shi. Kuɗin wannan duka ba zai kama ƙafar na ful ba, kuma kai ma ka samu aikinka.

Yadda za ka faɗa masa kuma ka kula. Kada bakinka ya furta “Hajiya ta ce”, kada kuma ka koma wurinta ka ce “na gaya masa”, kai magini ne aka kira, tsakanin miji da mata ba wurinka ba ne, gobe za su shirya kai a bar ka a waje. Ka rubuta takarda biyu. Ta farko ful, kuɗin gini, shinge, famfo da filta, wayarin, sannan a ƙasa kuɗin ruwa da kilorin da wuta na kowane wata, da tambaya ɗaya, wa zai riƙa kula da shi kullum. Ta biyu dandamali da shawa. Ka ce “Alhaji ga su nan, a duba da mutanen gida tunda su ke wuni a wurin”, ka ba shi kwana biyu, kada ka karɓi kafin alƙalami a ranar ko ya matsa maka.

In ya zaɓi ful duk da haka kuma ya yarda da shinge da komai, kada ka fara tono sai na zo na ga ƙasar wurin da tazarar bangon da idona. Ka turo min hoton tsakar gidan da awon daga bango zuwa sokawe yau da daddare, ran Asabar bayan la'asar ka biyo shago mu fitar da lissafin siminti da rodi tare. Ka gaida mutan gida.