Adon Sallah da kara da kaba: amsa ga ɗiyata

Ɗiyata,

Na samu saƙonki, na kuma gode. Ina fatan kuna shan ruwa lafiya, ke da maigidan da yara. Kin ce kishiyata da angona sun dawo daga makaranta suna naci sai an ƙawata gida saboda Sallah, da balan-balan da 'yan fitilun nan masu walƙiya da ake sayarwa a kanti, kuma hankalinki ya rabu biyu: shin ƙawata gida don Sallah al'adarmu ce ko aro ne, in kuwa tamu ce, me za ki iya yi da su da hannu ba tare da kin zuba kuɗi a roba ba. Kin ce in rubuto don ki riƙa dubawa. Kin sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Tamu ce. Sai dai a gidan da na tashi, can shiyarmu ta cikin garin Sakkwato, ban taɓa ganin an rataye wani abu da ba ya da aikin yi ba. Abin da muke ci da shi, muke zama a kai, muke rufe tuwo da shi, shi ake sabuntawa, shi ne adon. Azumi na shiga goman ƙarshe gida zai rikice da aiki. A fitar da komai na ɗaki tsakar gida, a kakkaɓe, a kore yanar gizo, a toshe inda bango ya tsage. Inna takan aike mu mu ɗebo farar ƙasa, a jiƙa ta a tsohon kasko, a ba kowace yarinya tsumma ta shafe iya inda hannunta ya kai. Ƙasan bango a zagaye shi da jar ƙasa. Shekarar da daɓe ya farfashe kuwa, matan maƙwabta ke taruwa, kowace da madaɓinta, ana bugu ana waƙa, a ƙarshe a yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ƙasa ta yi duhu ta yi santsi. Har yau in na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai in ji kamar jajibere ne.

Bayan bango ya bushe sai jere. A wanke ƙore da kwanoni, a goge tasoshi da toka har su ɗauki ido, a mayar da kowanne mazauninsa, manya a ƙasa ƙanana a sama. A kafa fayafai masu launi a bango, a shimfiɗa sabuwar tabarma. Wanda ya shigo barka da Sallah zai san matar ɗakin nan ta tashi tsaye, kuma zai san 'ya'yanta sun sa hannu, don shafen yara ba ya ɓoyuwa.

Game da zancen aro, ga abin da na sani. Ya tabbata a hadisi cewa ranar Idi wasu 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya so ya hana su, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su, kowace al'umma tana da idinta, wannan kuwa namu ne. Farin cikin yara ranar Sallah abin nema ne. Abu biyu iyayenmu suka kiyaye, ke ma ki kiyaye: ba a kafa siffar mai rai a bango, ba a kuma ɓarnar dukiya. Yaron da ya ga ana ƙawata bikin wasu, nasa kuma ya zo ya wuce gida na nan yadda yake kullum, me kike zaton zai ɗarsu a ransa? Kada ki kashe musu wannan sha'awa. Ki karkato da ita gida.

Ki fara da kara, don shi ne mafi sauƙi, kuma bana Sallah ta faɗo lokacin da yake ko'ina a bushe. Na dawa ya fi na gero kauri da daɗin aiki. Ana ɓare bayansa sili-sili, cikin kuma, wato totuwar, a yanka ta gutsu-gutsu. Silin nan shi ne ƙusa, totuwa ita ce mahaɗi: a soke wannan a cikin wancan, sai abu ya tashi. Da haka yaran zamaninmu ke ƙera mota da jirgi da tabarau da kejin tsuntsu. Babanki gwani ne a nan. Wata Sallah ya kwana uku yana haɗa babbar mota har da ƙofa mai buɗewa, ya ja ta da zare daga ƙofar gida zuwa bakin hanya, inda muke tsayawa kallon Sarkin Musulmi Abubakar na dawowa daga Idi. Ku ba ku riske shi ba. Shekara 50 ya yi a kan gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988, duk ƙuruciyarmu a zamaninsa muka yi ta. Ranar nan dawakai na wucewa da kayan ado, babanki kuwa idonsa na kan motarsa kada a taka. Ki tambaye shi tabon da ke babban yatsansa na hagu. Bayan kara ne ya yanke shi, don kaifinsa kamar reza yake. Saboda haka ɓarewa aikinki ne, sokewa da haɗawa nasu. Su yi ɗan masallaci mai hasumiya a ajiye kan tebur, su yi tauraro da jinjirin wata a rataye a ƙofar falo, su yi ɗan akwatin da za a zuba alewar da ake raba wa yara masu yawon Sallah.

Kaba ta fi kara daraja, ta kuma fi shi neman haƙuri. Ganyen goriba ce tun tana ƙarama, kuma da ita ake tabarma da faifai da mafici da igiya. Za ki same ta ɗauri-ɗauri a kasuwa, da araha. A tsaga ta, a jiƙa ta ta yi laushi kafin a taɓa, in ba haka ba karyewa take yi. Ɗinkin faifai ya fi ƙarfin kishiyata a bana. Shekara bakwai ba ta isa riƙe basilla ba. Amma kitso mai ƙafa uku, irin wanda take gani ana yi mata a kai, za ta iya. In ta kitsa dogo, ke sai ki naɗe shi ki ɗinke, ya zama ɗan matashin da ake ɗora kwanon miya. Angona ya yi mafici. Da zafin garin nan, inda zafi kan haura digiri 40 a bazara, baƙon da aka miƙa wa mafici aka ce yaron gidan ne ya saƙa, sai ya sa masa albarka kafin ya zauna.

Kada ki yarda su ɗauka saƙa abin ƙauye ce. Ki ba su labarin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 kuma take kwance a Hubbare, makwancin mahaifinta. Da ta naɗa jajis, shugabannin 'yan taru da ke kai karatu ga mata a ƙauyuka, malfa ta ɗora musu, hular da aka saƙa da ciyawa, aka naɗe da jan rawani. Wannan ce alamar da aka san malamar mata da ita a ƙasar nan.

Sai launi, kuma a nan ne nake so ki daɗe da su, don a nan Sakkwato ta yi suna. Ja na karan dafi ne, wata irin dawa da ake shukawa saboda jan da ke jikin kubenta. A daka, a jiƙa da ruwan kanwa, a tafasa kaba a ciki, ta fito jawur. Da shi dukawanmu ke rina fatar jar akuya bayan majema sun jeme ta da bagaruwa, fatar da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali daga nan ta fito. Baƙi kuwa kuloko ne, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Shuɗi na baba ne, aikin marina, har shiyar da ake yinsa ta ci sunan. Waɗannan biyun ki bar wa masu su. Abin da ke cikin kicin ɗinki ya isa: kurkur na ba da rawaya, zoɓo na ba da ja mai duhu. Ki zuba ruwan zoɓo a ƙoƙo biyu, ki matsa lemun tsami a ɗaya, ki jefa 'yar kanwa a ɗaya, ki bar su su kalla. Na farko zai ƙara haske, na biyu zai juye ya yi duhu kamar shuni. Ruwan kurkur ma in ya ji kanwa komawa yake ja. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare ban ga abin da ke sa aji ya yi tsit kamar wannan ba. Launin zoɓo ba ya daɗewa, rana na cinye shi cikin 'yan makonni, amma kwana uku na Sallah zai kai ku. Tafasa kuma ke za ki yi, su tsaya nesa da tukunya.

Ƙwarya ba sai na yi miki dogon bayani ba. Ki sayi ƙananan ƙoƙuna da ludaya farare. Masu sana'ar suna zana su da wuƙa mai zafi, ko su sassaƙa su cike zanen da alli. Yara su zana da gawayi tukuna, dagi ko layi-layi ko ɗigo, ke ki bi da bakin wuƙa, su kuma su goga alli su share. A zuba dabino da goro a ciki a tari baƙi. Akwai wani abu da na gani wurin wata maƙwabciyata bara, wanda mu ba mu san shi ba da: ta huhhuda ƙwarya da ƙusa, ta kife ta a kan 'yar fitila mai caji, haske ya watsu a bango ɗigo-ɗigo kamar taurari. Sabon abu ne, kuma ya burge ni ƙwarai. Ga amsar fitilun kanti da suke nema. Amma fitila mai caji kawai. Kyandir ko aci-balbal kada su kusanci kara da kaba. Ina yarinya na ga zana ta kama daga fitilar da aka manta a gindinta daren Sallah, kafin a ɗebo ruwa rumfa biyu sun tafi, Allah ya tsare ba a rasa rai ba.

In suna son abin ratayewa, su tara 'ya'yan tsamiya da ƙwallon dabinon da kuke buɗa baki da shi, da na aduwa da magarya. A wanke, a shanya. 'Ya'yan tsamiya in sun kwana a ruwa allura na shiga. Masu tauri kuwa a ɗaure su da abawa, a sa gutsun totuwa mai launi a tsakani. Abin liƙi ƙaro ne, wanda almajirai ke sa wa tawada: a jiƙa shi ya kwana, ya narke, ya kama takarda da ganye da iri. Nan zan ja miki kunne da ƙarfi. Akwai wani ɗan iri ja mai ɗigon baƙi, idon zakara, kyakkyawa ne har yaro ba ya iya wuce shi, kuma dafi ne mai kisa in aka tauna ko aka huda. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Tumfafiya kuma, ko da audugarta na da sha'awa, ruwanta na ɓata ido. Auta tana rarrafe, komai baki take kaiwa, don haka duk abin da ya kai girman ƙwallon dabino a rataye shi sama da inda hannunta ke kaiwa.

Abin da na fi jin tsoro daga gare ki ɗaya ne, don na san halinki tun kina ƙarama: son abu ya fito tsaf. Za ki ga tauraron angona ya karkace, hannunki zai yi ƙaiƙayin gyarawa bayan sun yi barci. Kada ki taɓa. Inna ba ta taɓa bin bayan shafenmu ba, ko da ya yi rabi fari rabi toka-toka. In baƙuwa ta shigo sai ta nuna ta ce wannan gefen wance ce ta yi. Ni na san yadda ƙirjina ke cika a lokacin. Kada kuma ki tara aikin a jajibere, ga kitso ga lalle ga tela bai gama ɗinki ba. Kaɗan-kaɗan bayan la'asar, sa'ar da yunwa ke sa su rigima, ya fi. In an samu sarari bayan Sallah, ki kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu su ga kayan da kakanninsu suka yi da hannu, sa'an nan ku biya kasuwa su tsaya kan mai saƙar tabarma su ga saurin yatsunsa.

Na sa an kawo mini ɗaurin kara biyu daga gona, kaba ma na jiƙa, akwai kuma sauran karan dafi da na ajiye tun kaka. Ki turo mini su ranar Alhamis da hantsi, da tsofaffin tufafi, don rini ba ya fita. Su wuni nan, ku zo ke da maigidan mu sha ruwa tare ku tafi da su. Ki zo da auta ma in gan ta.

Ki gaishe da mutanen gidan duka. Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana Sallah lafiya.

Gwaggonki.