Ci-ranin Italiyawa da yarinyar da ta gaji da jira

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin gama wani littafin hikaya a kan wani ƙauye na kudancin Italiya: saurayi ya tafi Beljiyam haƙar kwal bayan yaƙin duniya na biyu, ya ce wa budurwarsa ta ba shi shekara biyu, shekara biyun ta zama biyar, ita kuma aka ɗaura mata aure da wani na Ostiraliya wanda hotonsa kawai ta taɓa gani. Kina tambaya wai da gaske Turawa ma sun yi ci-rani haka, ko marubucin ne ya ƙara gishiri, sannan ko yarinyar ba ta ci amana ba.

Na yi shekara huɗu a Kalabiriya, can ƙarshen kudancin ƙasar, ina tsinkar lemo da zaitun, kuma ɗakin da na kama haya a gidan wata tsohuwa yake, a wani ƙauye da ke kan dutse. Abin da zan faɗa miki rabi daga bakinta na ji shi.

Babu gishiri a maganar ci-ranin. Yaƙi ya ƙare a 1945 ya bar su da yunwa. A kudu, manyan gonaki na hannun wasu 'yan tsirarun iyalai, talaka sai dai ya fito dandalin gari da asuba ya tsaya, wakilin mai gona ya zo ya nuna waɗanda yake so, sauran su koma gida. Da manoma suka shiga wata gona da aka bari ba a nomawa a Melissa, a nan Kalabiriya, a 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum uku suka mutu. To wanda ke da ƙarfi a jika me zai zauna yi?

Beljiyam ɗin da saurayin littafinki ya je, gwamnatoci biyu ne suka ƙulla cinikin a watan Yunin 1946: Italiya ta ba da ma'aikata 50,000, Beljiyam ta riƙa sayar mata da kwal. Mutum a bakin gawayi ke nan. A Milan ake duba lafiyarsu a zuba su a jirgin ƙasa, da yawansu kuma suka tarar masaukinsu tsofaffin sansanonin fursunonin yaƙi ne. Ranar 8 ga Agustan 1956 wuta ta tashi a ramin haƙar kwal na garin Marsinel, can Beljiyam, mutum 262 suka mutu, 136 daga cikinsu Italiyawa. Duk yarinyar da nata yake cikin rami a shekarun nan, da fargabar irin wannan labarin take kwana. Wasu kuma Jamus suka nufa bayan yarjejeniyar 1955, wasu Ajantina, wasu Kanada.

Mai gidan hayata, nata mijin a wancan zamanin Siwizalan yake zuwa aikin gini. Takardarsa ta wata tara ce a shekara, kuma doka ta hana shi kai iyali. Sai hunturu ya shiga yake dawowa, ya yi wata uku, wani lokaci ya bar ta da ciki, ya sake ɗaukar akwati. Akwatin na nan har lokacin da nake gidan, na kwali ne mai kauri, a saman kabad, da igiyar da ake ɗaure shi da ita tun da makullin ya mutu. Irinsu suna da suna a can, vedove bianche, wato fararen zawarawa: miji na raye, amma zaman takaba ake yi. Ita ke noma, ita ke zuwa rafi wanki, kuma idan ta tsaya gaisawa da namiji a hanya, kafin la'asar surukarta ta ji.

Auren hoto kuwa, a nan ne na yi dariya ranar da ta nuna mini hoton bikin ƙanwarta. Amarya cikin farin kaya a ƙofar coci, na kusa da ita kuma dattijo ne. Na ce wannan ne angon? Ta ce a'a, baffan ango ne, shi ya tsaya masa, ango na Melbon, can Ostiraliya. Tana jira ta ga na yi mamaki, ni kuwa na ce mata ai a garinmu wakili ne ke karɓar aure ko da ango na zaune a wajen. Bambancin dai, tamu amaryar ƙawaye ke raka ta unguwar gaba, tasu kuwa jirgin ruwa take shiga a Napoli ko Mesina, ta yi wajen wata guda a teku. Iyaye ba za su saki budurwa ta yi wannan tafiyar ba sai da igiyar aure a kanta, shi ya sa ake ɗaurawa tun a gida. Ta ce hoton da angon ya aiko ashe tsohon hoto ne, ko da ƙanwar ta sauka ta tarar gashin kansa ya tafi.

Game da cin amana, ni ban ga laifin yarinyar ba, kuma na san maza a nan za su ce na faɗi ba nauyi. Ki duba lissafin da ke gabanta: shekaru na tafiya, ƙannenta mata na layi ba za a aurar da su ba sai ta fita, zannuwan gadon da ta yi shekaru tana yi wa ado da allura suna tsufa a adaka, samarin garin duk sun watse. Wasiƙa ma, in ba ta yi karatu ba, sai ta kai wa wani ya karanta mata, shi zai rubuta amsa. Wace soyayya za ki faɗa ta bakin limamin coci ko ɗan maƙwabta? Shi ma saurayin ba lallai mugu ba ne, kunyar dawowa hannu rabbana ce ke riƙe mutum, wannan kam na san ta a jikina.

Ƙauyen da na zauna yanzu rabin gidajensa a kulle suke, makarantar firamare ta rufe, sai watan Agusta jikoki ke zuwa da motoci masu lambar Jamus da Siwizalan. Wata rana tsohuwar ta ga hoton matata a wayata, ta tambaye ni yaushe rabona da gida. Na ce shekara uku. Ba ta ce komai ba, amma kofin da take ajiye mini kullum da safe a bakin matakala ta daina ajiyewa, sai ranar da na nuna mata tikitin Kano.